Mako ɗaya a Norwe: yadda za ka tsara tafiyar tun daga Damagaram

Shekara goma sha bakwai ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a nan Damagaram, ina zana wa yara fiyod, wato hannun teku da ya miƙo cikin ƙasa tsakanin tsaunuka, a allo da alli, alhali ban taɓa sa shi a idona ba. A farkon Yulin 2025 Allah ya nufa, ƙanena da ke aikin jinya a Oslo ya aiko mini da takardar gayyata, na je na yi kwana bakwai a ƙasar Norwe. Tun dawowata ake tare ni da tambaya, a majalisarmu ta Birni da ɗakin malamai, har wani ɗan kasuwar Dole ya riƙe mini babur sai na faɗa masa nawa na kashe. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya samu. Sunayen garuruwa zan bar su yadda suke a allunan can, domin haka za ka buga su a waya in za ka yanki tikiti.

Abu na farko shi ne ka rage buri. Norwe doguwar ƙasa ce siririya kamar igiyar guga. Daga ƙarshen kudunta zuwa ƙarshen arewa a mota ya haura kilomita 2,000, wato ya fi ka je Yamai daga nan ka dawo, kuma hanyar duk dutse ce da ruwa da ramukan da aka huda cikin tsauni. Ni ma da na zauna da taswira na jera Oslo da Bergen da tsibiran Lofoten da Tromsø duk a mako guda. Ƙanena ya yi dariya ya ce, “Yaya, taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.” Gaskiyarsa. Jirgin ƙasa ma bai kai Tromsø ba, sai ka hau na sama. Hasken nan mai launi da ke rawa a sararin samaniyar arewa, wanda ake yawo da hotonsa a waya, ba a ganinsa sai dare ya yi duhu sosai, daga wajen Satumba zuwa Maris, lokacin sanyin da ɗan Damagaram bai san irinsa ba. In ka je da bazararsu, Yuni zuwa Agusta, rana ce za ta daɗe ba ta faɗi ba. Zaɓi ɗaya. Shawarata ga mai zuwan fari ita ce bazara, kuma hanya ɗaya tak: Oslo zuwa Bergen, da fiyod ɗin da ke tsakaninsu.

Kuma dare za ka ƙirga, ba yini ba. Makon nan na cikin Norwe ne kawai. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, bas zai cinye maka yini cur ta Maraɗi da Ƙonni da Dosso, ka kwana, sannan jirgi. Ni ta Santambul na bi da Turkish Airlines, daga can kai tsaye Oslo. Wasu sun fi son Kano tunda ta fi mana kusa nesa ba kusa ba, sai ka gwada farashin biyun. Ko ta ina ka bi, ka nemi hutun kwana goma sha ɗaya ko sha biyu a wurin aiki.

Biza da kuɗi

Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, don haka bizar Shengen za ka nema. Tun Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne, wato jaka 59 da ƴan canji a kuɗinmu, kuma ko an hana ka ba a mayar maka. Fasfo ya kasance da sauran wata uku aƙalla bayan ranar da za ka baro can, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Sai inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki ko takardar gayyata, da bayanan asusunka na banki, da takardar wurin aiki. Abin da suke son gani a zahiri shi ne dalilin da zai dawo da kai gida: aiki, iyali, shago, gona. Norwe ba ta da ofishin jakadanci a Yamai, ofishin Faransa ma da mutanenmu suka saba kai takardu an rufe shi tun farkon 2024. Ka shiga shafin hukumar shige da ficensu, UDI, ka zaɓi Nijar, shi zai nuna maka inda ake karɓar takardu a lokacin da kake nema. Ana iya ajiye takardu tun saura wata shida a tafi. Ka fara da wuri, kuma kada ka biya kuɗin jirgi gaba ɗaya kafin biza ta fito, ajiyar kujera ta isa.

Kuɗinsu kuron ne, ba yuro ba. Lokacin da na je kuron ɗaya yana wajen sefa 55, dala goma sha ɗaya ke nan. Ka riƙe wannan lissafin a ka, amma kada ka riƙa yinsa a gaban kowane kanti, zuciyarka za ta buga. Burodi guda na iya cin jaka biyu, faranti ɗaya a gidan abinci na tsaka-tsaki jaka goma sha biyar ba abin mamaki ba ne. Kusan komai da kati ake biya, har bayan gida na tasha. Ni na je da takardun kuɗi a ɗaure cikin lalita kamar mai zuwa kasuwar dabbobi, sai ga shi a wurare da yawa katin kawai suke nema. Katin nawa kuwa ya ƙi aiki a daren farko, ashe ban sa an buɗe shi ga sayayyar ƙasar waje ba, kuma iyakar abin da zan iya cirewa a rana ƙarama ce. Ka je bankinka da ƙafarka kafin ka tashi, ka ce a buɗe, a ɗaga iyakar, ka tabbatar ka san lambar sirrinka. In kuma ka ɗauki tsabar kuɗi da ya haura kuron 25,000, dole ka bayyana wa kwastan.

Abin da za ka zuba a jaka

Kilishi dai ka bar shi. Na san da ciwo. Uwargida ta sayo mini mai kyau, an naɗe a takarda, ina cikin bas mun wuce Tasawa ƙanena ya kira ya ce an hana shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, cuku ma haka. Fasinjojin da ke kusa da ni suka yi mini addu'ar sauka lafiya da bakin da ya sha yaji. Garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino da garin yaji da ganyen shayi kuwa na tafi da su, kuma sun yi mini rana.

Tufafi: rigar sanyi mai kauri ɗaya, rigar ruwa mai hula, takalmi rufaffe wanda ba ya santsi, safa. Bazararsu kamar sanyin hunturunmu ne na asuba, a kan ruwa kuma iska tana ratsa ƙashi. Babbar riga guda ɗaya ta isa, don Juma'a. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye irin namu, cazarka za ta shiga. Ka sauke manhajar Vy ta jirgin ƙasa, da Ruter ta motocin Oslo, da Yr ta hasashen yanayi. Wani abu da ya kamata ɗan Nijar ya sani: Faransancinka ba zai kai ka ko'ina ba. Kusan kowa yana jin Ingilishi, amma mai Faransanci sai an tona. In Ingilishinka irin nawa ne na tsintuwa, ka rubuta jimloli goma a takarda, ka haɗa da “takk”, wato na gode.

Salla da abinci

Nan ne na fi shan mamaki, duk da ni nake koyar da karkatar duniya a aji. A farkon Yuli rana ba ta faɗuwa a Oslo sai wajen goma da rabi na dare ta gota, ta sake fitowa wajen huɗu na asuba, kuma tsakanin nan sama ba ta yin baƙi ƙirin, sai dai shuɗi-shuɗi kamar bayan magariba. Idonka ba zai gaya maka lokacin lisha ba, ba kuma ladan da za ka ji. Dare na biyu na kwanta da niyyar in ɗan miƙe, na farka rana tsaka a ɗaki, agogo ya ce biyar saura. Abin yi shi ne ka karɓi jadawalin wani masallaci na garin ka bi shi, ka sa ƙararrawar waya. Kafin ka tashi ka zauna da malaminka kan ƙasaru da haɗa salloli, tunda a tsarin da zan ba ka ba inda za ka yi kwana huɗu. Alƙibla kuma ba gabas ba ce kamar gida, kudu maso gabas ce. Agogonsu da bazara yana gaban namu da awa ɗaya.

Abinci kuwa, ka haddace kalma uku ka guje su: svin, skinke, bacon, duk alade ne. Tsiran nan nasu da ake sayarwa a kowane lungu, pølse, galibi da shi a ciki. Kifi shi ne mafita, laks da torsk, ga ƙwai ga burodi. Naman halal yana unguwar Grønland a bayan babbar tashar Oslo, inda ƴan Pakistan da Somaliya suke da shaguna. Ka yi sayayya a Kiwi ko Rema 1000 ka haɗa guzurinka, su kansu ƴan ƙasar haka suke yi, kowa da ƙunshin burodinsa. Ruwa kada ka saya. Na famfo ya fi na gora daɗi, sanyi ƙarara. Mu da muke tsaron ƴan ga-ruwa da jarka a watan Afrilu, wannan kaɗai abin kallo ne.

Yadda na raba kwanakin

Ka daidaita ka sauka ran Alhamis. Filin jirgin Gardermoen yana wajen kilomita 50 daga gari. Jirgin ƙasa iri biyu ne ke shiga Oslo: Flytoget mai minti 20, da na Vy wanda ya ɗara shi da ƴan mintoci amma ya fi araha sosai. Hau na Vy. Ranar ka huta, in da ƙarfi ka taka titin Karl Johan daga tasha har fadar sarki, ka hau rufin gidan opera, wato gidan wasan waƙa da kiɗa, da aka buɗe a 2008, wanda aka gina shi a gangare don mutane su taka har sama, kyauta.

Juma'a da safe ka hau ƙaramin jirgin ruwa daga bakin zauren birni zuwa Bygdøy ka ga Fram, jirgin katakon da ya kai Roald Amundsen tafiyar da ya isa ƙarshen kudancin duniya a 1911. Ana shiga cikinsa, ka ga ɗakunan kwanansu ƙanana kamar akurki. Zauren birnin kansa nan ake ba da kyautar Nobel ta zaman lafiya kowace 10 ga Disamba. Ka dawo Grønland ka yi Juma'a, ka ci abinci mai nama ka ƙoshi. Za a ce maka ka je lambun Vigeland mai gumaka sama da 200. Kyauta ne, wurin kuma da faɗi da kyau, amma gumakan duk tsirara suke, in da iyali kake ko surukai ka san da haka tun a gida. Da yamma ka yi cefanen kwana biyu, domin ran Lahadi yawancin kantuna a rufe suke. Ni na yi sakaci, garin rogo da ƙuli-ƙuli suka fitar da ni.

Asabar ita ce ranar da ka biya kuɗin jirgi dominta. Ka yanki tikitin jirgin safe na hanyar Bergen tun makonni kafin ranar, ya fi araha kuma kujeru na ƙarewa da bazara. Ka nemi taga ta hagu. An buɗe hanyar a 1909, kusan kilomita 500, awa bakwai in za ka kai ƙarshe, amma kai a Myrdal za ka sauka bayan awa huɗu da rabi zuwa biyar. Da farko daji ne da gonaki da tafkuna, har ka fara gyangyaɗi. Bayan Geilo sai itatuwa su fara gajarta, su ɓace, ƙasa ta zama fili na dutse da ruwa kwance, sai ga ƙanƙara fara fat a gefen hanya a watan Yuli. Tashar Finse tana mita 1,222 sama da teku, ba hanyar mota da ta kai can, daga taga kana hango ƙaton dutsen ƙanƙara na Hardangerjøkulen. Jirgi na tsayawa ɗan lokaci. Na leƙa ƙofa, iska ta mare ni, na koma na zauna.

A Myrdal ka canza zuwa ƙaramin jirgin Flåm. Kilomita 20 ne kacal, amma yana gangara mita 866 cikin awa guda, ta ramuka 20 waɗanda 18 daga cikinsu da hannu aka haƙa. Yana tsayawa a magangarar ruwa ta Kjosfossen a ce kowa ya fito. Ruwa ne ke faɗowa daga tsauni da ƙara kamar aradu, feshinsa na jiƙa fuska. Ina tsaye ina lissafin unguwa nawa zai shayar a Damagaram, sai kiɗa ya tashi, wata mace da jar riga ta ɓullo a kan dutse tana rawa. Na fara karanto abin da ya sawwaƙa, ashe wasa ne ake yi wa baƙi, aljanar tatsuniyarsu take kwaikwaya. Flåm ƙauye ne ƙarami, ɗakuna kaɗan ne kuma da tsada, ka kama naka tun watanni kafin tafiya. In ka rasa, ka nema a Aurland da ke kusa, ko ka zarce Voss.

Lahadi da safe jirgin ruwa daga Flåm zuwa Gudvangen, awa biyu. To ga fiyod ɗin da na yi shekaru ina zanawa. Ƙanƙara ce mai kaurin gaske ta yi dubban shekaru tana jan jiki tana nuƙe dutse har ta haƙa kwari mai zurfi, da ta narke wajen shekara 10,000 da suka wuce sai teku ya shigo ya cike kwarin. Ruwan gishiri ne, hannun teku ne da ya miƙo cikin ƙasa. Uwar su duka, Sognefjord, ta shiga ƙasa kilomita sama da 200, zurfinta a wani wuri ya haura mita 1,300. Reshen da za ka bi, Nærøyfjord, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2005, a inda ya fi matsewa faɗinsa mita 250 ne, tsaunuka tsaye ta kowane gefe sun haura mita dubu. Duwatsun Birni da muke taƙama da su, a nan tsakuwa ne. Kada ka zauna a ciki bayan gilashi. Sa rigar sanyi ka fita sama. Za ku wuce Undredal, ƙauyen da awaki suka fi mutane yawa, an san shi da cukun akuya, za ka kuma hango gidan gona ɗaya tilo a maƙale a gefen tsauni, ka rasa ta inda mai shi yake hawa. Daga Gudvangen bas zuwa Voss, daga Voss jirgin ƙasa awa ɗaya da ƴan mintoci zuwa Bergen. Kamfanoni na sayar da wannan zagayen a dunƙule, amma in ka yanki tikitocin ɗaya-ɗaya da kanka sau da yawa ka rage wani abu. Ka dai bar tazara tsakaninsu, don ba direban da zai jira ka ko ya ji magiya.

Litinin da Talata na Bergen ne. Garin ruwan sama ne, sama da milimita 2,000 a shekara, ninki biyar na abin da muke samu a damina mai kyau, don haka kowace safiya ka duba Yr: in gari ya washe ka hau dutsen Fløyen nan take, kada ka ce sai anjima. Jirgin da igiya ke ja, Fløibanen, yana kai ka mita 320 cikin ƴan mintoci, ka yanki na hawa kawai ka sauko da ƙafa ta cikin daji. A kan hanyar dutse ne kaɗai na ga baƙo yana gaida baƙo. A bas kuwa in ka yi sallama sai a dube ka kamar ka zo bin bashi, kada ka ɗauka wulaƙanci ne, haka suke da junansu.

In ana ruwa ka shiga Bryggen, jerin gidajen katako masu launi a bakin tashar jiragen ruwa. Ni da na ji tarihinsa sai na ce ai wannan Zango ne. Fataken Jamus ne suka kafa sansani a nan tun wajen 1360, suna kawo hatsi suna karɓar busasshen kifin arewa, da unguwarsu da dokokinsu daban da na ƴan gari, kamar yadda ayarin Azbin da na Arewa suke sauka a Zangonmu a bayan ganuwar Birni. Gobarar 1702 ta cinye shi aka sake ginawa a kan tsohon tsari. Kifin nan kuwa ka san shi, shi ne busasshen nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya, har yau daga Norwe ake kai shi. Akwai kuma wani wuri da baƙi ba su cika zuwa ba, tsohon asibitin kutare da aka mayar gidan tarihi. A Bergen ne likita Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar kuturta a 1873. Wanda ya san tarihin Kara-Kara, tsohuwar unguwar kutare ta Damagaram, ba zai shiga ɗakunan nan ya fito yadda ya shiga ba. Kasuwar kifi ta bakin ruwa kuwa ka kalla da ido, farashin na baƙi ne.

Daren Talata na hau jirgin dare na koma Oslo, na huta da kuɗin ɗaki na dare ɗaya, sai dai a zaune na kwana, wuyana ya faɗa mini. Mai hali ya kama gado a jirgin, ko tun farko ya yanki tikitin da zai tashi daga Bergen ya huta da komowa. Laraba ta rage don tsaraba da abin da ya kuɓuce maka. Na sayo cukunsu mai ruwan ƙasa, brunost, mai zaƙi kamar alewar madara, yara suka ɗanɗana suka yamutsa fuska, uwargida ce ta cinye shi da shayi. Busasshen kifin in za ka saya ka naɗe shi leda uku, in ba haka ba babbar rigarka ta gama aiki. Ran Alhamis ka isa Gardermoen awa uku kafin tashi, kuma kada ka yanki tikitin bas na Damagaram na washegarin saukarka da asuba, ka bar kwana ɗaya a Yamai ko jaka za ta makara a hanya.